Baburan Ɗaukar Mardiyya

A garinmu Mai'adua, in ka cire babur ka cire ƙafar gari. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake tsallakawa Nijar da buhun masara a dawo da dabino. Akuyar garin nan ma ta san daɗin hawansa, ko da a ɗaure ne. Shi ya sa da Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da matar da ba ta iya jin ƙarar babura, na ce a raina, baiwar Allah, kin gudu ba ki tsira ba.

Sunanta Kulu. Ni kuma Laraba, mai ƙuli-ƙuli, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma rabinta ta zube. Kulu ta zo ne 'yan shekarun baya daga wani ƙauye can yammacin Katsina, bakin daji, ita da 'yarta Mardiyya. 'Yan bindiga ne suka shigo musu da rana tsaka a kan babura, suka kashe mijinta Malam Kalilu a gona tare da wasu, suka kora shanu. Wani ɗan uwan mijinta da ke sayar da hatsi a kasuwarmu ya samar musu ɗaki biyu kusa da ni.

Mace ce mai tsabta, mai hannu, tuwonta kuwa ba ya kwana. In babur ɗaya ya wuce sai ka ga ta ɗan daskare kawai, muciya a hannu, har ya yi nisa. Amma in suka haɗu uku ko huɗu suka taho tare, to shi ke nan. Ba ta sanin lokacin da take tashi. Na taɓa zaro ta daga bayan randa. Wata ranar Lahadi kuma, ranar kasuwarmu, ta zura cikin gero ba takalmi ba mayafi, sai wasu masu kiwo ne suka rako ta gida, ƙafa duk ƙaya. In ta dawo hayyacinta, kunya ce take hana ta fita kwana da kwanaki.

Mutane suka ce iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi ruƙiyya har malamin ya gaji ya ce shi bai ga kowa a jikinta ba sai ita. Ni dai na ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma faɗar karin magana ba ta warkar da kowa.

Ana haka sai Malama Saudatu, wadda ke awon ciki a ƙaramin asibitinmu, ta dawo daga wani horo da wata ƙungiya ta kai su Katsina. Ta bi gida-gida tana gayyatar matan da rikici ya koro, wai a riƙa haɗuwa duk Talata bayan la'asar a wani aji na firamare. Ta sa masa suna zaman sanyaya zuciya. Kulu ta ce ba za ta je ta zubar da cikinta gaban baƙi ba. Na ce to mu je in raka ki, in ba daɗi mu sha ruwan sanyinsu mu taso. Haka na zama 'yar aji alhali ba wanda ya taɓa kora ta daga ko'ina sai uwar mijina daga madafi.

Ashe garin namu ya tara mutane ban sani ba. Ga Hausawan yamma irin su Kulu, ga Buzaye biyu daga ƙetare, ga wata tsohuwa Babarbara, Ya Fanna, da ta baro Borno tun farkon tashin hankalin can. Ga kuma Yelwa, Bafulatana doguwa mai tallan nono, wadda ta zauna can ƙarshen benci ita kaɗai. Kulu na ganinta ta ja tunga a bakin ƙofa.

"Laraba, mu koma. Ni ba ni zama inuwa ɗaya da waɗannan."

A hankali ta faɗa, amma ajin ba shi da girma. Yelwa ta ji. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Waɗanda suka zo rugarmu ma a kan babura suka zo. Na farko suka kwashe shanu. Na biyu suka ce mu ne muka kwashe na wasu, suka tafi da maigidana. Har yau ban ga ko takalminsa ba."

Ya Fanna ce ta tsoma baki. Kun san Barebari da Fulani, wasa ne tsakaninsu tun kaka da kakanni, ko a gidan makoki sai sun taɓa. Ta ce, "Ke Bahaushiya, shigo ki zauna. Wannan baiwata ce, ni na saye ta, ba ta cizo sai in ta ga ƙwarya ba mai ita."

"Ji tsohuwar banza," in ji Yelwa. "Ke da ba ki san wanka ba sai turare."

Dariya ta suɓuce wa kowa, har Malama Saudatu da ta gama karanto mana doka cewa ba a zolayar juna a zaman nan. Ta duba dokar, ta dubi tsofaffin biyu, ta ƙyale. Kulu ta shigo ta zauna, amma ta bar tazarar mutum biyu tsakaninta da Yelwa. Tazarar nan sai da damina ta fita kafin ta rufe.

Abin da Malama Saudatu ta koya mana ba wani abin mamaki ba ne, sai dai ba wanda ya taɓa faɗa mana shi. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Jiki ne ya haddace ranar da ya tsira da gudu, yake ta maimaita karatun ko an tashi makaranta. Ta koya musu su dafa ƙasa da tafin ƙafa, su ja numfashi a hankali su sauke shi a hankali fiye da yadda suka ja, su faɗi abin da idonsu ke gani yanzu-yanzu: ga allo, ga taga, ga Laraba tana hamma. Ta ce kowa ta riƙa ajiye abu mai ƙamshi ko yaji a haɓar zane. Kulu ta zaɓi kanumfari. Na ga yadda fuskarta ta saki ranar da aka ce mata ba ita kaɗai ba ce, kuma abin yana da suna a asibiti. Ta fara barci, ta fara zuwa suna da biki. Gudun dai bai bar ta ba.

Sai ga zancen aure. Mardiyya ta yi kyau ta cika, masu so suka yi layi, ita kuwa duk cikinsu ba wanda ya yi mata sai Misbahu. Yaro ne mai hankali, mai gaida mutane, yana noman gonar ubansa. Aibinsa ɗaya, ɗan acaba ne, kuma ba ƙarami ba, shi ne ma'ajin 'yan tashar bakin kasuwa. Da na ji, na riƙe baki na ce Allah mai iko, duk samarin ƙasar Daura, masu tireda da masu ɗinki, sai mai babur.

Kulu ba ta hana ba. Ta ce yaron ba shi ya kashe mata miji ba. Amma kowa a garin nan ya san yadda ake ɗaukar amaryar ɗan acaba. Duk 'yan tasha ne suke fitowa, su jeru a ƙofar gida suna murza totur, har kwanukan kan kanta su riƙa rawa. Kuma daidai lokacin ne ake kawo amarya gaban iyayenta a yi mata nasiha, uwa ta kama hannunta ta danƙa wa gwaggonta. Uba babu. Kulu ce kaɗai.

Na same ta tana tsince wake na ce, "Abin mai sauƙi ne. A gaya wa Misbahu ya ɗauko mota ɗaya, a kai yarinya salin-alin."

"Wa zai gaya mashi? Ni? Surukin nawa? Ni da ko ƙafarshi na hango sai in shige ɗaki?"

"Ni in gaya masa."

"Kul, Laraba." Ta ajiye faifan. "Kowace ɗiya a garin ga ana kai ta da hayaniya. Ita kaɗai za a lallaɓa da ita shiru kamar an ɗauko gawa, a ce ai 'yar gudun hijira ce, uwarta ba ta da lafiya? Ta rasa uba, ta rasa garinsu. Ba ni ƙara mata da wannan."

Sauran maganar a zaman Talata ta fito, kuma ranar ce farkon da Kulu ta yi dogon zance a aji. Ba ta faɗin sunan Mardiyya, 'yar fari ce, sai dai ta ce yarinyar nan. Ta ce ranar da aka shigo musu, ta fito da gudu tana riƙe da hannun yarinyar nan. Da baburan suka kewayo ta bayan masallaci, ba ta san yadda aka yi ba, sai ganin kanta ta yi cikin rafi, hannunta wayam. Sai washegari aka tsinto yarinyar a cikin wani rumbu. Yarinyar ba ta taɓa yi mata zancen ba, ita ma ba ta taɓa yi mata ba.

"Sau ɗaya na saki hannunta ba da sanina ba," in ji Kulu. "Wannan karon so nake in sake shi da sanina, ina zaune, in sa shi cikin hannun gwaggonta. In na sake gudu ran nan, to bayana kawai za ta riƙa tunawa."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ya Fanna ma ta yi, ta ce turaren Buzaye ne ya shiga idonta.

Malama Saudatu ba ta yi mata alkawarin komai ba. Ta ce za a gwada, kaɗan-kaɗan, kuma duk inda Kulu ta ce a tsaya za a tsaya. An sa biki bayan an gama girbi, akwai sauran lokaci.

Da babur ɗin maigidana Ɗanbaba aka fara, don shi ne mafi rashin haɗari a ƙasar Hausa. Kafin ya tashi sai an yi masa shuri kamar ana rabon faɗa, in ya tashi kuma tari yake kamar tsohon mai shan taba. Kulu na zaune a tsakar gidana, kanumfari a baki, ƙafa a ƙasa, Ɗanbaba na ta fama a zaure yana gumi. Ran farko dariya ce ma ta hana ta tsoro. Daga nan muka koma zama a bakin titi ranar da ba kasuwa. Sai muka yi gangancin gwada ranar Lahadi tun lokaci bai yi ba, ni ce ma na zuga. Wasu 'yan ƙetare suka shigo a jere ɗauke da jarkoki, kafin in ce kanumfari Kulu ta kai bayan makaranta. Ta yi mako ba ta ko leƙo katanga ba.

Yelwa ce ta je ta fito da ita. Ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakin Kulu, wadda a da ko inuwarta ba ta so, ta ce, "Ke, in garke ya taho, me kike ji?"

"Kukan shanu."

"To ke Kaɗo ce, Bahaushiya, shi ya sa. Ni ba na jin shanu. Ina jin wance, ina jin wance, ina jin bijimin nan mai kwaɗayi. Kowace da muryarta. Wanda bai san su ba shi yake jin garke ya tsorata. Baburan garin nan kin san masu su, kina gaisawa da iyayensu. Zo mu koyi muryarsu."

Da Malama Saudatu ta ji, ta ce wannan ba ya cikin abin da aka koya musu a Katsina, amma da za ta koma sai ta koya musu shi. Haka aka yi ta yi. Kullum Yelwa ta gama talla sai su zauna a gindin darbejiyar da ke kallon tasha, Kulu ta rufe ido, Yelwa na riƙe da haɓar zanenta. Wannan mai ƙaran gwangwani na mai burodi ne. Wannan mai laushi na ɗan liman ne, sabo ne. Wannan da ke shaƙewa in ya zo kwana na Sabiru ne, babban abokin ango. Na Misbahu kuwa ta fi saninsa da kowa, don shi ne yake mutuwa a bayan katangarta duk yamma, amma in ya wuce sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ya Fanna takan zo ta zauna tana cin goro tana cewa ga Fulani sun rasa shanu sun koma kiwon ƙarfe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka ɗaura aure da safe, aka ci aka sha, 'yan zaman Talata duk suka zo da anko, har Buzayen. Bayan la'asar aka shimfiɗa wa Kulu sabuwar tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta zauna, ta cire takalmi don ƙafarta ta taɓa ƙasa, ta jefa kanumfari a baki. Yelwa ta zauna a damanta, ni a hagu, Malama Saudatu can gefe kamar ba ruwanta. Gwaggon amarya, wadda ta zo daga yamma don wannan rana, ta fito da Mardiyya a lulluɓe tana sheshsheƙa, ta durƙusar da ita. Kulu ta kama hannunta. Muka kasa kunne.

Shiru. Aka jira, shiru. Na fara zagin 'yan acaba a raina, mutanen da in ba ka neme su ba suke hana ka barcin rana. Sai muka ji wani abu a waje, kamar ana jan ƙafa, da ɗan ƙarar sarƙa, da raɗa-raɗa. Na tashi na leƙa ta inda katangarmu ta zube.

Ga su nan, layi guda tun daga bakin titi har ƙofar gida. Duk 'yan tasha, sun sha sababbin kaya, sun ɗaura wa babura kyallaye, kowa ya kashe nasa yana turawa da hannu, gumi na zuba. Ba mai ko tari. Daga baya muka ji yadda aka yi: Mardiyya ce ta gaya wa Misbahu halin uwarta, shi kuma kunya ta hana shi tambayar surukarsa abin da take so, sai ya tara abokansa ya roƙe su. Kulu tana ɓoye masa don kunya, shi yana ɓoye mata don kunya, kowa na ganin ya kyauta.

Na dawo na raɗa wa Kulu. Na zaci za ta yi hamdala. Sai na ga fuskarta ta canza.

"Turo su suka yi?"

"Turowa. Don ke."

Ta saki ajiyar zuciya, idonta ya ciko. Sannan ta miƙe tsaye, ba ta saki hannun Mardiyya ba, ta ja ta har zaure. Uwar amarya a bakin zaure ranar ɗaukar amarya, mata suka hau salati. Ta tsaya daga ciki inda za a ji ta ba a gan ta sosai ba.

"Ina Sabiru?"

"Ga ni, Inna," in ji shi, ya durƙusa, babur ɗinsa na neman faɗo masa.

"Allah shi yi maku albarka, kai da abokinka, na gode. Amma ɗiyata ba gawa ba ce. Ku tashe su."

"Inna, ai cewa aka yi..."

"Na san abin da aka ce. Tun kafin a yanke gero nake shirin ku, ban sha kanumfari a banza ba. Ku tashe su duka."

Sabiru ya waiwaya ya dubi sauran. Ya Fanna ta leƙo ta bayan Kulu ta ce, "Kai, kurma ne? Ko sai na aiko baiwata ta tayar muku?"

Suka tashe su. Wallahi ni da aka haifa a cikin ƙarar nan sai da na toshe kunne. Zauren ya ɗauka, kaji suka watse. Na ga jikin Kulu ya juya zai nufi ƙofar baya da kansa. Yelwa ta riƙe haɓar zanenta, ba ta ja ba, riƙewa kawai. Kulu ta rufe ido, ta danna ƙafa a ƙasa, bakinta na motsi. Na matsa kusa na ji abin da take cewa.

"Na Sabiru. Na ɗan liman. Mai burodi. Wancan na yaron gidan mai goro ne." Ta ja numfashi, ta sauke. "Har da na Ɗanbaba, Laraba, mijinki ya shigo layi."

Ta buɗe ido. A nan cikin zauren ta yi nasihar, a tsaye, da ƙarfi don a ji ta a kan ƙarar. Ba ta yi tsawo ba. Ta ce ta yi haƙuri, ta riƙe salla, ta riƙe mutanen gidan da za ta shiga, ubanta mutumin kirki ne kada ta ba shi kunya. Sannan ta ce, "Ran nan na sake ki ban sani ba. Ki yafe mani."

Mardiyya ta yaye lulluɓin, abin da amarya ba ta yi, ta ce, "Inna, ni na fizge. Na ga kin nufi rafi, ni kuma na ga rumbu ya fi kusa. Na zaci kin sani."

Kulu ta tsaya tana kallonta. Shekarun nan duka kowace na ɗauke da nata ba ta faɗa ba. Ban san ko dariya za ta yi ko kuka ba, ita ma ina jin ba ta sani ba, sai ta yi duka biyun. Ta jawo hannun gwaggo, ta ɗora na Mardiyya a ciki, ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya har ta janye. Aka rangaɗa guɗa. Aka ɗora amarya tsakanin Sabiru da gwaggonta, suka ɗaga, sauran suka bi suna ta murza totur kamar za su tsaga garin.

Kulu ba ta zauna ba sai da ƙarar ta yi nisa ta koma kamar ƙudan zuma. Mata suka watse neman sauran shinkafa, Yelwa da Ya Fanna suka hau faɗa a kan wa za ta tafi da ƙanzo. Ni na zauna kusa da Kulu a dakalin zaure. Tana kallon tafin hannunta a buɗe a kan cinyarta.

"Sannu, Kulu," na ce.

Ta tofar da kanumfarin, ta share ido da bakin mayafi.

"Laraba, kin gani ko? Ina tsaye har aka tafi, ban gudu ba."

"Na gani."

"To tashi ki zubo mani tuwo. Tun jiya ban sa komai a cikina ba."